Farantin da Yaya Ya Kife

Mun saki mota daga garejinmu babu fil a fedar birkinta, bayan kwana biyar ta kashe mutum.

Ni na yi aikin. Gara in faɗa tun da wuri, kada wani ya ɗauka ina neman inda zan rataya laifi. Shekarata ashirin da shida a ƙarƙashin mota, ni ba sabon shiga ba ne, kuma lafiyata ƙalau ran nan. Mantawa na yi, kamar yadda mutum kan manta makulli a jikin ƙofa.

Garejin na yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, shi ya ɗauke ni lokacin da makaranta ta ƙi ni, ni ma na ƙi ta. Kowa Yaya yake ce masa, har waɗanda suka haife shi a shekaru. Ni kuwa ga furfura a gemuna, amma har yau Auta yake kirana. Wurin doguwar rumfar kwano ce a bakin titi, da ramin duba mota biyu, da ɗan ofis mai tebur ɗaya da kujerar da aka ciro daga tsohuwar bas. Mu tara muke ci a wurin: shi, ni, makanikai uku, mai wayarin da ke gyaran lantarkin mota, mai bugun bodi, mai fenti da mai gadi. Kowa da iyalinsa.

Yaya yana da doka guda da aka san shi da ita. Kowace mota da farantinta. Tsofaffin farantan ƙarfe ne na cin abinci, guda goma sha biyu, a jere a kan katako. In mota ta shigo, sai a ɗauki ɗaya a rubuta lambarta da alli a gefe. Duk abin da ka kwance, noti ne ko washa ko fil, cikin farantin za ka sa, ba aljihu ba, ba ƙasa ba. In ka gama, motar ba ta fita sai Yaya ya zo da kansa ya kife farantin a gaban direba. In komai bai faɗo ba, ya sa hannu a takarda, a ba da makulli. In ko washa ɗaya ta faɗo, a koma rami. Direbobi har tsokanarsa suke yi: "Yaya, an cinye? Kife kwanon mu kama hanya."

Motar da nake magana ƙaramar motar kaya ce mai ɗaukar siminti. Direbanta ana ce masa Kwalba, don a da babu kwalbar da ke wuce shi da murfinta. Ya shekara biyu da dainawa, amma sunan bai daina shi ba. Ya zo yana cewa fedar birki tana ƙara tana kuma wasa. Na kwance ta, na canja robar da ta ci, na shafa giris, na mayar. Wanda bai san mota ba, bari in gaya masa: fedar tana haɗe da sandar da ke tura man birki ta wata 'yar ƙusa mai santsi. Abin da ke hana ƙusar zamewa shi ne fil, ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu, bai kai tsawon ƙaramin yatsa ba. Ka zura shi a huda, ka buɗe ƙafafunsa da filaya, shi ke nan. In babu shi birki zai kama yau, ya kama gobe, sai ranar da girgizar hanya ta gama turo ƙusar waje.

Na zura ƙusar ke nan mai fenti ya kira ni in taya su tura wata mota. Da na dawo na ga feda a tsaye, na taka, ta kama tsaf. Na kira Yaya. Ya zo suna musu da wani mai mota a kan hayaƙin inji, ya ɗauki farantin, ya kife, komai bai faɗo ba. Ya sa hannu, ya mayar da farantin kan katako a kife.

Ran kwana na biyar, Kwalba yana sauka gangaren kasuwa da buhu sittin a baya, ya taka birki, fedar ta tafi ƙasa kamar ya taka iska. A gindin gangaren akwai wani mai gyaran takalma da ke zama ƙarƙashin laima. Ko tashi bai samu ya yi ba.

Aka kama Kwalba. Ya yi ta rantsuwa birki ne ya ƙi, amma wa zai yarda da mai irin sunansa? Ma'aikacin duba motoci ya zo ya ga man birki a cike, bututu lafiya, gaban motar kuwa ya markaɗe har ba a gane feda da sitiyari. Ya rubuta birki ba shi da laifi. Da labarin hatsarin ya iso mana fedar nan ce ta fara faɗo mini a rai, ba zan ɓoye ba. Amma da muka ji abin da aka rubuta, sai na ce wa kaina ai an kife faranti, na ci gaba da aikina.

Sati biyu bayan haka, ranar Talata da safe, motoci suka yi yawa har farantai suka ƙare. Yaya ya miƙa hannu can ƙarshen katako ya ɗauko na kifen. Ina cikin rami na ji ya ce, "Auta, fito." A hankali ya faɗa. Yaya in yana ihu ba abin tsoro ba ne, in ya sassauta murya ne za ka duba kanka.

Ya rufe ƙofar ofis, ya ajiye farantin a tebur. Lambar motar Kwalba tana nan da alli. A tsakiya ga ragowar giris ɗin da na shafa ya daskare, ga fil kwance a ciki, ya manne kamar an dasa shi. Na zauna a kujerar bas.

"Wa ya gani?" na ce.

"Ni da kai."

"To, mun gode Allah."

"Au, godiya za mu yi?"

"Yaya, wanda ya mutu ya mutu. Ko kanmu muka yanke muka ba shi, ba zai tashi ba."

"Na mamaci ya wuce. Mai ran fa, da ke kulle?"

Na ce laifina ne, ya bar ni da Allahna. Ya girgiza kai. "Naka ka sani. Nawa shi ne na kife ban leƙa ba. Shekara talatin ina kife faranti, har hannuna ya koyi aikin ya daina tambayar idona." Ya sa farantin a aljihun tebur. "Ba ni kwana uku in tambayi Mai gareji."

Haka yake faɗa kullum, wai garejin na Ubangiji ne, shi ɗan tsaro ne kawai. Ni na ɗauka maganar coci ce, irin wadda ake faɗa a wuce. Ni ma Kirista ne, ina zuwa sujada, ina zama a bencin baya kusa da ƙofa inda iska take. Amma addinina bai taɓa shiga tsakanina da sifana ba. Na Yaya dabam ne. Ƙarfe bakwai kullum sai ya tara mu an yi addu'a kafin a taɓa ko jak, kuma ban taɓa ganin ya wanke tsohon ƙarfe ya ce sabo ne ba.

Kwana ukun nan bai ci abinci ba, amma bai fasa aiki ba. Ranar Juma'a da rana ya same ni ina wanke hannu da fetur a bayan rumfa.

"Litinin zan je wurin 'yan sanda," ya ce.

"Wa ya aike ka?"

"Ka san Wanda ya aike ni."

"Murya ka ji? Ta waya ya kira ka, ko takarda ya aiko?"

"Ban ji murya ba. Amma duk lokacin da na buɗe baki in kira sunan Yesu, fil ɗin nan ne ke tokare mini maƙogwaro. Ranar da na ce to, zan je, ranar na iya ƙarasa addu'a."

"Yunwa ce, Yaya. Wanda ya kwana uku bai ci ba, ko tukunya ma magana take masa." Na goge hannu na matso. "Bari in yi maka lissafi, tunda kai ka daina. Gida tara ke ci a rumfar nan. Jiya na ƙirga bakuna, arba'in da ɗaya har da jaririn mai wayarin. In ka buɗe baki, an rufe garejin nan. A wancan gefen kuma mutum ɗaya ne, mashayi."

"Ya daina sha."

"Ko waliyyi ne, ɗaya ne dai! Wane Allah ne zai ce a ba da arba'in da ɗaya a karɓi ɗaya?"

"Lissafinka daidai ne, Auta. Na yi shi ni ma, sau ya fi goma, kuma kullum naka ne ke fita. Sai dai ba lissafi aka tambaye ni ba."

Da na ga haka, sai na tafi na ɗauko wanda nake ganin zai ji maganarsa. Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada na kawo Fasto har falon Yaya. Fasto matashi ne mai karatu, ba ya gaggawar magana. Matar Yaya ta kawo mana lemo da kofuna, ta zauna a hannun kujerar mijinta.

Fasto ya ce, "Baba, ba na ce ka yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Amma akwai hikima. Na tambayi wani lauya a cikin ikilisiya, ban kira suna ba. Ya ce ko ka je, ba lallai a saki direban ba, tunda an riga an rubuta birki lafiya. Maimakon mutum ɗaya a kulle, sai a wayi gari uku ne. Me zai hana ku ɗaukar masa lauya mai kyau, ku riƙe iyalinsa, ku riƙe matar mamacin? In garejin yana tsaye, kowa zai amfana. In ya faɗi, wa zai taimaki wa?"

Na ce a raina, yawwa, ga mai hankali.

Yaya ya yi ɗan murmushi. "Fasto, duk wannan tayin na kai Masa tun ranar Laraba. Har na ƙara da makarantar 'ya'yan mamacin. Bai karɓa ba."

"To, in ka je aka ƙi sakin direban fa?"

"Ba a ce mini za a sake shi ba. Cewa aka yi in je."

Fasto ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Can ya ce, "Shekara shida ina wa'azin wannan a kan mumbari. Yau ga shi zaune a falo, ni ne kuma nake neman hana shi." Wanda na ɗauko ya taya ni yaƙi ya ajiye makami tun ba a fara ba.

Na juya kan matar Yaya. "Matarmu, ke ba ki da baki? 'Yarki tana shekarar ƙarshe a makarantar jinya. Da me za ta gama?"

"Na yi maganata, ƙaramin miji, na yi kukana, har kofi na fasa," ta ce. "Amma shekara talatin da ɗaya nake zaune da mutumin nan. Daga Talata zuwa Juma'a na ga abin da ban taɓa gani ba, mutum yana yawo a gida kamar an zare masa laka, ko amin ba ya iya cewa. Gara in kai masa abinci gidan yari da in zauna da gawa a falo."

"Ke ma kin kamu ke nan."

"Sha lemonka, kada ya huce."

Ranar Litinin na riga kowa zuwa, ban da mai gadi. Na buɗe aljihun tebur, na ciro fil daga cikin giris, na je bayan rumfa inda muke tara baƙin man da muka juye daga injuna, na jefa shi cikin duro. Ko ƙara bai yi ba. Na ji sanyi a raina, na ce yau na ceci mutum arba'in da ɗaya, har da wawan da ya goye ni.

Yaya ya iso sanye da farar rigarsa ta zuwa coci. Ya buɗe aljihun tebur, ya dubi farantin, ya dube ni.

"Ya tafi inda ba ya dawowa," na ce. "Yanzu me za ka kai musu? Kwano?"

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ɗauki farantin, ya duba gurbin da fil ya bari a cikin giris, ya naɗe shi a jarida ya sa a hammata. "In kwanon ne ya rage, kwanon zan kai."

Bayan addu'ar safe ya tsayar da ma'aikata ya gaya musu komai, sai dai bai faɗi wanda ya ɗaura fedar ba, ko da yake kowa ya sani. Mai fenti ne ya fashe, mutum mai 'ya'ya shida.

"Yaya, kai Allah ya yi wa magana, mu kuma yunwa ce za ta yi mana! Da ka tambaye Shi, ka ambaci sunana? Ka gaya Masa 'ya'yana nawa?"

"Na ambata, ɗaya bayan ɗaya."

"Me ya ce?"

"Bai ce mini komai a kansu ba. Ba ni da amsar da zan ba ka, ɗan'uwa. Ka yafe mini."

"Yafiya ake dafawa?" Mai fenti ya yi jifa da tsumman hannunsa ya fita.

Yaya ya miƙo mini makullin motarsa. "Kai ni ofishin 'yan sanda. Sunanka ba zan kai ba. Amma in an tambaye ni wa ya ɗaura, ba zan yi ƙarya ba. Ka ji tun yanzu."

Na karɓa don ina ganin ko a hanya zan shawo kansa. Muna cikin cunkoso wajen shataletale ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Auta, tsoro nake ji."

"To, mu juya mana! Ga hanya nan."

"Tsoro ai ba shi ya aike ni ba. Miƙe."

A bakin ofishin 'yan sanda na tsaya ƙarƙashin wata bishiya, na ce ni ƙafata ba za ta taka ciki ba. Ya ce to. Ya sauka, ya gyara rigarsa, ya hau matakalar nan uku a hankali kamar mai shiga sujada.

Ƙofar a buɗe take, daga inda nake ina hango kantar da 'yan sanda ke karɓar ƙara. Na ga ya kwance jarida ya ajiye farantin, yana bayani da hannu, yana nuna yadda ƙusa ke shiga. Na kan kanta ya saurara, ya kira wani, shi ma ya kira wani. Sai dariya. Har cikin mota na ji ɗaya yana cewa, "Baba, mun ga kwano, ina abincin?" Wani ya ce dangin direban ne suka yi hayar tsoho. Wani ya taɓa kansa da yatsa. Suka nuna masa benci, suka ci gaba da harkarsu. Ya zauna da faranti a cinya, farar riga tsaf, tsakanin wani ɓarawon waya da wata mata da ta zo ƙarar maƙwabcinta.

Awa ɗaya ina kallonsa. Na ce yanzu zai gaji ya fito, ya ce ya yi nasa. Bai fito ba. Duk wanda ya wuce da kaki sai ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai mutum a kulle da bai yi laifi ba." A ce masa zauna, ya zauna.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, ba bangaskiya ce ta tayar da ni ba. Ban ga haske ba, ban ji komai a maƙogwaro ba. Abin da na kasa ɗauka shi ne a mai da yayana mahaukaci. Rabin makanikan da ke cin abinci a titin nan a hannunsa suka koyi riƙe sifana, ga shi yara sa'o'in 'ya'yansa suna masa dariya, kuma ni na cire abin da zai sa a yarda da shi. Na tayar da mota na koma gareji a guje.

Na fasa tsohuwar sifika na ciro maganaɗisu, na ɗaura a waya na zura cikin duro. Ya fito da notuna, ya fito da washa, ya fito da wani makulli da muka shekara muna nema. Babu fil. Na cire riga na zura hannu har kafaɗa, ina lalube a cikin laka, fuskata tana shafar bakin duro. Ma'aikata suka kewaye ni suna kallo. Mai bugun bodi ya ce, "Auta, me ka jefa?" Na ce, "Kaina." Sai da na kusa fid da rai na ji ya soke ni a yatsa.

Haka na shiga ofishin nan, ba riga, rabin jikina baƙi ƙirin, mai yana ɗiga a siminti. Na karɓi farantin daga cinyar Yaya na dangwarar a kanta, na ɗora fil a gurbinsa. Ya zauna daram, kai da ƙafafu.

"Ga abincin," na ce. "Ni na manta shi. Wannan tsohon laifinsa ɗaya, ya yarda da ni."

Dariya ta ɗauke. Yaya ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Na zaci zai ce wani abu na coci. Sai ya ce, "Ka ɓata wa mutane kanta."

Daga nan abin ya bar hannunmu. Aka sake tura ma'aikacin duba motoci, wannan karon da injin yankan ƙarfe. A ƙarƙashin shimfiɗar ƙafar direba ya tsinci 'yar ƙusar, miƙaƙƙiya, hudarta fes, ba alamar fil ya taɓa karyewa a ciki. Duk da haka sai da Kwalba ya cika sati goma sha ɗaya a tsare kafin a sake shi.

Wanda ke jiran in ce Kwalba ya zo ya rungume Yaya, ya daina jira. A harabar kotu suka haɗu. Kwalba ya rame, haƙorinsa ɗaya babu. Ya tsaya gaban Yaya ya ce, "An ce tun ranar Talata ka ga fil, sai Litinin ka zo. Kwana shida kana addu'a, ni ina shan duka."

Na yunƙura zan ba shi amsa, Yaya ya riƙe mini hannu. "Gaskiyarka," ya ce. "Kwana shidan nan ma suna wuyana."

Kwalba ya tofar da yawu a gefe ya wuce. Matar mai gyaran takalma kuwa ta zo zaman kotu duka, da goyo a baya. Ranar ƙarshe ta ce wa matar Yaya, "Da ina cewa giya ce ta kashe shi. Yanzu an ce mantuwa ce. Ban san wadda ta fi sauƙin haɗiya ba."

Alƙali ya ba ni wata takwas. Yaya, da yake sa hannunsa ne a takardar da ta ce mota ta gyaru, kuma shi ne mai wuri, aka ba shi shekara uku. Lauyanmu ya so ya tsaya a kan cewa shi bai taɓa fedar ba. Da alƙali ya tambaye shi ko aikinsa ne ya duba, sai ya ce, "Aikina ne, ranka ya daɗe, kuma ban duba ba." Lauyan ya rufe fayil ya zauna.

Wata takwas ɗin nan a gidan yari ɗaya muka yi su. A can na ga abin da har yau ban gama fahimta ba. Ni ina kwana ina juyi, ina zagin fil, ina zagin mai fenti da ya kira ni tura mota. Shi kuwa da safe za ka ji shi yana addu'a, amin ɗinsa har ɗakin da ke gaba. Abincin da ko kare zai shinshina ya wuce, sai ya riƙe kwano da hannu biyu ya yi godiya, ya cinye tas. Wata rana na ce masa, "Yaya, ka ga dai inda lissafinka ya kawo mu." Ya ce, "Naka ne lissafi, Auta. Miƙo gishirin."

Har gobe ina nan a kan bakana: arba'in da ɗaya ya fi ɗaya. Ba wanda ya nuna mini inda na yi kuskure a ƙirgar. Amma na yi shekara ashirin da shida ina ganin jarumtaka ita ce mutum ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak ɗaya. Ban san jarumi ba sai ranar da na ga tsoho da farar riga a kan benci, cikinsa cike da tsoro, ana masa dariya, ya ƙi tashi don Wanda ya aike shi bai ce ya tashi ba. Yanzu ina aiki a garejin wani. Na sayi farantina, kuma ba na kife shi sai na zagaya cikinsa da yatsa. A coci ma na ɗan matsa gaba, benci biyu.

Garejin an janye masa izini tun kafin a gama shari'a, mai fili ya ba masu sayar da tayil. Ma'aikata suka watse, biyu sun bar sana'ar gaba ɗaya. Mai fenti har yau in ya hango Yaya sai ya tsallaka titi. 'Yar Yaya ta bar makarantar jinya saura wata biyar ta gama, tana sayar da magani a shagon wani. Shi kuma ya yi shekara biyu da wata huɗu aka sako shi, da tari a ƙirji, da hannun dama da ke karkarwa ba ya tsayawa. Mutumin da ke gane ciwon inji da tafin hannu, yau ba ya iya riƙe sifana. Ranar Lahadi matarsa ce ke ɓalla masa maɓallan farar rigar.